Ramin da Na Cike

Na yi shekaru a Doha kafin in lura cewa ban taɓa jin kukan kwaɗo a nan ba. A Sanaiya, inda masaukinmu yake, abin da kunne ya saba da shi shi ne gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, da injin yankan ƙarfe, da manyan motoci suna ja da baya. Ruwan sama ba ya wuce sau biyu ko uku a shekara, kuma in ya sauko sai ya tsaya a kan titi kamar wanda ya ɓata hanya, har a turo tanka ta zuƙe shi. Ni direban bas ne. Ina kai ma'aikata wurin gini da sassafe, in kwaso su da yamma, tsakanin nan kuwa zama ne da tunani. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina so in rubuta wannan da hannuna. Akwai maganar da na riƙe fiye da shekara talatin ban faɗa wa Baffa ba, wato ƙanin mahaifina. A lokacin da nake ba da labari ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, kuma duk wayar da ta shigo daga gida sai in ce shi ke nan, ya tafi ban faɗa ba.

A cikin waɗanda nake ɗauka akwai wani kafinta mutumin ƙasar Sin, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ana ce masa Lai. Sauran 'yan ƙasarsu matasa ne, suna can baya suna hayaniya, shi kuwa kujerar kusa da ni yake zama saboda ciwon gwiwa. Kullum yana riƙe da kwalbar shayi, ganye na yawo a ciki. Shi ba Hausa, ni ba yarensu, sai guntun Larabcin kasuwa da guntun Turanci, sauran mu cika da hannu. Haji yake ce mini, ko da yake ban sauke farali ba tukuna. Na yi ta gyara masa har na gaji na bar shi.

Wata rana da azahar, lokacin zafi da ake tsayar da aiki, muna zaune a inuwar bas sai na tambaye shi ina ne garinsu. Bai faɗi suna ba. Ya jawo wani guntun katako, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya fara zane. Ya fara da tudu a sama, ya cika shi da itatuwa. Ya ce mutanensu ana kiransu Hakka, ma'ana baƙi, domin kakanninsu daga arewa suka gangaro kudu tun zamanin da, suka tarar masu ƙasa sun riga sun kama fadama mai kyau, sai suka zauna a gindin duwatsu. Saboda ƙasar noma ta yi musu kaɗan, ba sa gina ɗaki a kanta. Gida yana jingina da tudu, gonar shinkafa tana ƙasa. Kurmin da ke bayan gida ba a sara shi, ko busasshen reshe sai dattawa sun yarda, domin shi ke riƙe ƙasa da ruwa kada su gangaro wa mutane a ka. A ƙarƙashin kurmin ya zana ɗakuna a jere, sun lanƙwaso kamar rabin faifai. A tsakiya manyan zauruka uku, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen shi ne inda suke ajiye sunayen kakanninsu a jikin alluna. Wannan sha'anin addininsu ne, ban shiga ba. Gaban ƙofa fili ne daɓaɓɓe na shanya shinkafa. Gaban filin kuma tafki, shi ma rabin faifai. Sai ya zagaya fensir a kan duka biyun, na ga rabin ɗakuna da rabin ruwa sun haɗu sun zama faifai cikakke.

Ya ce duk mutanen gidan kakansu ɗaya. In aka yi yawa sai a ƙara wani layin ɗakuna a baya, a lanƙwasa shi kamar na farko, ba wanda ke ware kansa ya je ya yi gini a gefe. Tsakanin zaurukan da ɗakunan baya akwai wani ɗan tudu da aka shimfiɗa wa tsakuwa, ba a sa masa siminti, wai don ƙasa ta yi numfashi. Duk ruwan da ya sauka a rufin gidan yana bin magudana ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗa tafkin. Har ya yi dariya ya ce kakarsa kan saki kunkurun ruwa a cikin magudanar, ya riƙa yawo yana buɗe hanya. A tafkin ake kiwon kifi da agwagi, a nan ake ɗiban ruwa in gobara ta tashi. Ƙasar da aka gina bangon gidan ma daga nan aka haƙo ta, aka haɗa da yashi da farar ƙasa, aka kirɓa ta tsakanin katakai har ta zama kamar dutse.

Na daɗe ina kallon katakon nan. Gidanmu ba a lanƙwashe yake ba, ba ma noman shinkafa, ba mu da ɗakin kakanni. Amma tsarin abin na san shi. Gidan da aka haife ni gidan ƙasa ne da kakanmu ya gina a bakin ƙauye. Bayansa ɗan tudu ne mai tsamiya da ɗorawa. Gaban zaure fili ne inda ake sussuka. Gaban filin kuma kududdufi, wanda shi ne ramin da aka haƙa aka yi tubalin gidan tun farko. Kowane indararo na gidan yana zuba a tsakar gida, ruwan ya bi kwata ta gefen zaure, ya ratsa filin, ya faɗa kududdufin. Da damina in an yi ruwa da la'asar, kafin magariba kwaɗi sun ɗauka, manya da murya mai kauri, ƙanana suna amsawa, har liman sai ya ɗaga murya. Da hantsi kuwa sautin taɓarya ne daga sassa huɗu na gidan, da agwagin gwaggonmu suna fita a jere, da mata suna wanke tukwane a bakin ruwa suna gulmar da muke yi kamar ba ma ji.

In kaka ta wuce ruwan ya ja baya, sai a sa ranar su, wato kamun kifi. Kowa ya shiga da abin da ya samu, mai koma, mai kwando, mai tsohuwar taguwa. Tarwaɗar da aka kama a raba ɗaki ɗaki, har da tsohuwar da ba ta iya fitowa. Bayan nan sai aikin da na tsana, wato yaɓe. Baffa shi ne maginin gidan. Mu haƙo ƙasa daga gindin ramin, mu tara ta, a zuba ruwa da ramno, wato dakakkiyar ciyawa, mu shiga da ƙafa mu yi ta kwaɓawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake. Baffa ba ya duba ƙasa da ido. Yana daga nesa, in ya ji yadda ƙafa ke fita daga cikinta sai ya ce ta yi, ko a ƙara. Kafin ruwan farko an bi kowane bango, musamman na gabas da hadari ke duka. Na taɓa tambayarsa don me muke wannan wahala duk shekara. Ya ce, “Damina tana wanke gidan ta kai rami, mu kuma da rani mu je mu ɗauko shi mu mayar. Haka ubana ya bar mana, ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba.” A nan Doha na ga an tayar da bene hawa arba'in a wurin da bara teku ne. Ban taɓa ganin wanda ya san inda ƙasar gininsa ta fito ba.

Lai ya juya katakon ya miƙo mini fensir. Na zana namu yadda yake a da: tudu, itatuwa, sassa huɗu, zaure, fili, rami. Ya gyaɗa kai.

“Sem-sem, Haji, iri ɗaya. Akwai kifi?”

“Da akwai.”

Na sa babban yatsa na goge ramin. Na ce masa khalas, ya ƙare, an cike shi. Ya ce wa ya cike? Na ba shi amsar da na saba bayarwa shekara talatin, na ce aikin titi ne. Ya karɓi fensir, ya ja layi daga tudu, ta tsakar gida, ta gefen zaure, har wurin da na goge. A nan ya tsaya. Sai ya juya layin ya mayar da shi cikin gida, ya ɗora bakin fensir a kan ɗakin da ke kusa da zaure, wanda ya fi kowanne gangare.

“Wannan ya faɗi?”

Ɗakin Baffa ne. Ban gaya masa wani ɗaki ya faɗi ba. Na ce ya faɗi. Ya mayar da fensir bayan kunne ya kurɓi shayinsa, ya ce wanda ya yi wannan aikin bai taɓa zama a gidan ba lokacin ruwa. Ba da fushi ya faɗa ba, kafinta ne yana maganar aikin da ba a yi daidai ba. Aka busa usur, ya ce yalla, mu je, ya tashi yana dafa gwiwa.

Ga yadda abin ya faru. Bayan rasuwar mahaifinmu ni ne babba a cikin 'ya'yansa, ina jan gingimari tsakanin Kano da Ikko. Ni ke kawo gishiri da kananzir da atamfa, don haka in na yi magana mutane kan yi shiru, ni kuma na ɗauka shirun yarda ce. Ina son ɗakin bulo mai rufin kwano, ina kuma son wurin da zan ajiye mota a ƙofar gida kowa ya gani. A shekarar ana yin titi ta gefen ƙauyenmu, direbobin tifa kuwa abokaina ne. Na ce ramin nan sauro ne da wari. Da safen da tifa ta farko ta juye, Baffa ya fito da butarsa ya tsaya a bakin ramin.

“Ɗan Yaya, ina ruwan zai tafi?”

“Ya bi titi, Baffa. Ai sun yi kwalbati.”

“Titin ya fi ƙofarmu tudu.”

“Baffa, zamanin kwaɗi ya wuce.”

Direbobin suka yi dariya. Ya dube ni, ya dubi ramin, ya koma ciki. Cikin kwana uku aka cike abin da aka yi shekara hamsin ana haƙawa. Damina biyu ruwa bai yi yawa ba, na riƙa tsokanar Baffa a gaban mutane ina tambayarsa ko ya yi kewar maƙwabtansa kwaɗi. A ta uku, a tsakiyar marka, aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Ina hanyar Ikko. Ruwa ya tsaya a tsakar gida har gwiwa, bango ya yi ta sha ta ƙasa. Rumbu biyu suka zube. Baffa ya shiga ɗakinsa fito da buhun iri, ɗakin ya zauna, azara ta same shi a ƙugu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma tun daga ranar bai sake taka ƙafar daidai ba, bai kuma sake hawa bango ba. Na dawo bayan kwana huɗu, na tsaya a cikin caɓi na ce titin nan ne ya tare ruwa. Kowa ya ce haka ne, Allah Ya kiyaye gaba. Baffa yana kwance yana ji.

Daga nan gidan bai rushe gaba ɗaya ba, a hankali ya tafi. Babu ramin ɗiban ƙasa, babu magini, yaɓe ya tsaya. Kowace damina ɗaki ɗaya ya kwanta, mai shi ya je ya yi na bulo a wani gefen gari. Wasu suka koma birni. Motar da na cike rami dominta ba tawa ba ce, mai ita ya sayar. A ƙarshe zaure kaɗai ya rage a tsohon ginin, kuma a cikinsa Baffa ya tare, domin ba shi da ɗa namiji a raye, ya kuma ce ɗakin kwano yana dafa shi. Ƙanena Habu da iyalinsa ke kula da shi. Duk zuwana gida nakan durƙusa in gaishe shi, in ajiye masa turare da dabino, mu yi maganar gero da tsadar taki. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma na mai da shirunsa mafaka.

Kwana biyu bayan zanen katakon nan na tambayi Lai ko nasu gidan yana nan. Ya ce yana nan, ɗaki sittin da wani abu, tsofaffi tara ne a ciki. Ɗansa ma yana birni a bene, ba ya son zuwa saboda sauro. Amma duk shekara, lokacin sanyi kafin sabuwar shekararsu, sai an zubar da ruwan tafkin an kwashe laka an kai gona, shi ya sa yake ajiye hutunsa sai lokacin. Na ce wa zai ci kifin? Ya ce tsofaffi tara da kyanwoyi. Na ce to don me? Ya ɗaga kafaɗa ya ce in tafkin ya cika da laka, ruwa zai shiga zaure. Iyakar amsarsa ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sayi kati na kira Habu. A gida hantsi ne.

“Yaya, lafiya dai? Ba ranar kiranka ba ce.”

“Lafiya lau. Kai wa Baffa wayar.”

“Sai ka ɗaga murya fa, kunnen ya yi nauyi.”

Ina tsaye a tsakar masaukinmu, ga 'yan uwanmu masu gadi, mutanen Katsina da Zariya, suna zaune a inuwa suna cin shinkafa. Na so in faɗa a hankali. Na ce, “Baffa, ni na cike kududdufi.” Ya ce in ƙara, bai ji ba. Na ƙara. Ya ce har yanzu. A na uku na faɗa da ƙarfin da masu cin shinkafa suka ajiye cokali.

Ya ce, “To, ai ina tsaye ka cike shi.”

“Ba titi ne ya karya ka ba, Baffa. Ni ne. Ka faɗa mini, na yi maka dariya.”

Ina jin kaji, da wata mata tana kiran ɗanta daga nesa. Can ya ce, “Zauren nan ya daɗe ba yaɓe. In iska ta taso bangon gabas zuba yake a kaina.”

“Zan aiko a samo magina da siminti.”

“Siminti ba ya kama ƙasa. Kada ka aiko. In za ka zo, ka zo.”

Daga baya Habu ya gaya mini cewa da ya karɓi wayar ya ga Baffa yana murmushi, kuma a ganinsa tsohon ya ji tun na farko.

Kafil, wato ubangidana a wurin aiki, ya ba ni hutu da bazara. Lai ya yanke mini guntun katakon da zarto, ya ce in fara haƙa daga wurin da ya fi gangare. Washegarin isata na ari diga da shebur, na fara a gaban ɗakin bulona, daidai inda gingimari ke tsayawa a da. Masu zaman benci suka sami abin kallo. Wani abokin wasana ya ce, “Alhajin Katar, an ce can mai kuke haƙowa, in ka samu a nan kada ka manta da mu.” Wani ya ce zafin Larabawa ya taɓa ni. Kwana biyu ina fito da tsakuwa da ɓaraguzan kwalta ni kaɗai, bayana kamar zai tsinke. A rana ta uku Habu ya tuɓe riga ya shigo yana mita, wai kada in mutu a ce shi ya bari. Da ramin ya kai ƙirji sai diga ta daina ƙara. Baƙar ƙasa ce, mai sanyi, da warin nan da na ce na tsana. Na zauna a ciki na ɗan jima.

Muka kwaɓa a gaban zaure. Baffa yana zaune a kan buzunsa a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon wani gefe. Ban fi taku goma ba ya ce ruwa ya yi yawa. Na ƙara ƙasa. Kwana biyar muka yi kafin bangon gabas ya rufu. Da ya sha iska, Habu ya kama hannunsa ya kai shi, ya bi bangon da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana jan ƙafar nan.

“Ramno ya yi kaɗan. Zai tsage.”

“In kankare in sake, Baffa?”

“Bar shi. Baɗi ka gyara.”

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ramin da muka haƙa ƙarami ne, ko rabin rabin na da bai kai ba, kuma ba zai dawo da ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka watse ba. Na buɗe masa kwata ta gefen zaure, na koma bakin aiki.

A tsakiyar damina, wata rana da yamma ina jiran ma'aikata su fito, sai ga kiran Habu. Ya ce an yi ruwa tun safe, yanzu ya ɗauke, zaure bai jiƙe ba, amma na jawo musu sauro da surutu, matarsa tana gaishe ni da wannan aiki. Sannan ya ce, “Baffa ya ce in juya maka wayar.” Na ji takunsa a cikin caɓi, sai kuma na ji su, kwaɗi, manya da murya mai kauri, ƙanana suna amsawa. Lai ya hau bas a lokacin, na kara masa wayar a kunne. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya tambaya ko akwai kifi. Na ce ba tukuna. Na karɓi wayar na ci gaba da ji har kuɗin Habu ya ƙare.

Bangon ya tsage a wuri biyu, kamar yadda Baffa ya faɗa. Na riga na gaya wa kafil cewa hutuna da bazara nake so, na kuma ce Habu ya fara tara ramno tun yanzu, mai yawa.